Irin Da Ban Shuka Ba

Shekarar da nake so ku sani ita ce shekarar da rufin kicin ɗinmu na Plumstead ya rufto a kan tukunyar miyar mahaifiyarku. Ke Nafisa za ki tuna, domin ke ce kika yi ta dariya har ta bi ki da ludayi. Kai Bashir, abin da za ka tuna shi ne yadda muka koma girki a falo a kan ƙaramin murhun lantarki, muna jiran council, wato hukumar unguwa, su zo gyara, su kuma suna ta yi mana cancel suna ɗaga ranar. A cikin wannan shekarar na tsaya wa Zulai a ɗaurin aurenta, a cikinta kuma gwaggonku Hanne ta daina ɗaga wayata. Kun ji labarin daga bakuna da yawa. Wasu sun ce muku na bar dangina na bi maƙiyi. Wasu sun ce wani mai bautar gunki ne ya juya mini kai. Yanzu da hannuna ya saba da biro, gara ku ji daga wurina.

Mahaifina da mahaifin Sabo uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma tun da na buɗe ido ban taɓa ganin sun ci abinci a kwano ɗaya ba. Idan ka tambayi gidanmu, za a ce Baffa ne ya fara, da ya sare ɗorawar da ke kan iyakar gona. Idan ka tambayi gidansu, za a ce mahaifina ne ya fara, da ya ƙi zuwa sunan ɗansu na fari. Idan ka matsa da tambaya, sai a tono maka wani abu da ya girmi waɗannan. Ni dai nawa rabon ya same ni lokacin aurena. Mahaifina ya riga ya rasu, Baffa ne ya kamata ya shige mini gaba wajen neman mahaifiyarku. Na je na durƙusa a zaurensa, ya ce ƙafarsa tana ciwo. Washegari aka gan shi a kasuwa. Maƙwabcinmu ne ya tsaya mini, kuma a gaban jama'a wani daga dangin mahaifiyarku ya tambaya, shi wannan yaro ba shi da kowa ne? Na ajiye.

Ikon Allah, sai ga ni ga Sabo a gari ɗaya a ƙasar wasu, tsakanin flat ɗinmu da gidansa tafiyar bus ɗaya. Shi ya zo da karatu, ya samu aikin ofis. Ni na zo da hannuwana biyu, na samu wankin tukwane a kicin ɗin wani otal a Aldwych. Sallar farko mahaifiyarku ta ce baƙunta ta isa ta kashe tsohuwar gaba, ta cika kula da tuwo da miyar taushe ta aika musu. Kular ta dawo da yamma yadda ta tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Ku da aka haifa a nan ba za ku gane nauyin wannan ba. A wurinmu, zagi ya fi sauƙi. Bayan wasu shekaru kuma, a wani taron suna, Sabo ne ke riƙe da makirufo. Ya san ban iya karatun boko ba, kowa ya sani. Sai ya miƙo mini takardar da aka rubuta tsarin taron, yana murmushi.

"Ɗan'uwa Mamuda zai karanta mana abin da ke gaba," in ji shi.

Na riƙe takardar, ban ma san ta ina ake fara ta ba. Ɗakin ya yi tsit, sannan wata mata ta yi tari don ta rufe dariyarta. Na mayar masa da takardar, na ce idona yana ciwo, na koma na zauna na ci shinkafata har ƙarshe. Daga ranar sunana ya ƙaru, aka koma kirana Mamuda Mai Haƙuri. Nan ma na ajiye. Kuma ba zan ɓoye muku ba, abin da ya kai ni ajin manya masu koyon karatu ke nan. Na ƙudurta wata rana zan tsaya a gaban Sabo in karanta takarda daga sama har ƙasa, ina kallon idonsa.

A ajin ne na san Sunil sosai, ko da yake mun daɗe muna wanke tukwane kafaɗa da kafaɗa. Dattijo ne ɗan Sri Lanka, siriri, mai ɗingishi a ƙafar hagu. Ya iya rubutun ƙasarsu, wani rubutu mai zagaye-zagaye kamar an zuba zobba a faranti, amma na Turawa ya gagare shi kamar yadda ya gagare ni. Malamarmu takan haɗa mu biyu-biyu, ta ce kowa ya bayyana wa ɗan'uwansa wani aiki na garinsu da Turanci. Ni na bayyana masa yadda mahaifina yake ajiye iri. A zaɓi gyaɗa mafi kyau, a shanya ta bushe ƙarau, a cakuɗa ta da toka, a zuba a tulu, a liƙe bakin da laka. Ƙwaro ba ya shiga, danshi ba ya shiga. Tana nan shiru kamar ta mutu, sai ranar da ruwa ya sauka. Sunil ya saurara, ya yi ta gyaɗa kai. Da nasa lokacin ya zo, bai yi maganar noma ba. Ya ce zai gaya mini abin da yake shirin yi idan ya bar aiki: zai koma gida, ya aske kansa, ya shiga cikin masu jan mayafi da suka bar duniya, ya ƙarasa kwanansa a can.

"To, ka je ka tara lada ke nan," na ce masa. "Mu ma tsofaffinmu haka suke yi, su koma masallaci."

"Ba tarawa zan je yi ba," in ji shi. "Na gaji da tarawa."

Wannan magana ta tsaya mini. A kan bus, a wurin shan shayi, a bakin famfon wanki, na yi ta jan sa da tambaya, shi kuma yana amsawa da guntun Turancinsa, ni ina kamawa da nawa guntun. Ga abin da na fahimta, kuma idan na karkace laifina ne, ba nasa ba. Su mabiya Buddha suna da abin da suke kira kamma. Na ɗauka ma'auni ne, a zuba alheri a gefe ɗaya, sharri a ɗaya, a ga wanda ya rinjaya. Ya ce ba haka ba ne. Kamma shi ne aikin da aka yi da nufi, kuma nufin shi ne ransa. Kowane irin aiki iri ne da mutum ya jefa a ƙasa. Mugun iri ya ba da mugun amfani, kyakkyawa ya ba da kyakkyawa, amma dukansu tsirowa suke yi, kuma duk wanda ya shuka sai ya dawo girbi. A wurinsu mutum yana mutuwa a sake haihuwarsa, a sake, a sake, saboda kullum akwai gonar da ke jiran sa. Abin da ke jiƙa irin kuwa ƙishirwa ce: son samu, son ramawa, son a ce kai ne.

"Mu sau ɗaya muke zuwa," na ce masa. "Daga nan sai gaban Ubangiji."

"Na sani," in ji shi. "Ban ce ka yarda ba. Kai ka tambaya."

"To, idan alherin ma yana dawo da mutum, ina mafita? Sai ka biya duk abin da ka shuka tun farko?"

Ya yi dariya har ya riƙe bakin famfo. Ya ce wa zai iya? Wanda ya ce sai ya girbe duk tsohuwar gona kafin ya huta, ai yana girbin yana zubar da sabon iri. Ya ce tsohon da aka riga aka shuka zai fito, babu mai hana shi, sai a karɓe shi. Mafita ita ce a daina sabuwar shuka. Idan kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu suka ƙare a zuciyar mutum, zai ci gaba da aiki, zai ci, zai gaisa, zai taimaka, amma ayyukan ba su da abin tsirowa. Wannan suke kira nibbana. Ya nuna mini murhun gas da ke bayanmu, ya ce idan aka rufe bututun, wutar ba ta tafi gabas ko yamma ba. Ta dai mutu, domin abin da take ci ya ƙare.

Na ɗauki maganar a matsayin hirar wurin aiki, har ranar da aka ce Sabo ya faɗi a ofis. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya tafi, magana ta tafi. Sabo kuwa 'ya'ya mata gare shi, ƙaninsa ɗaya tilo ya riga shi rasuwa, ga shi an riga an sa ranar auren babbar 'yarsa Zulai. Wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Mahaifiyarku tana tsugune a falo tana juya miya a kan murhun nan. Na buɗe, sai ga yarinyar da ban taɓa yi wa magana ba sai dai in hango ta a masallacin Idi. Ta shigo, ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa tsakanin kujera da buhun shinkafa.

"Baffa, ina kwana."

Ba wanda ya taɓa kirana da wannan suna daga gidansu. Na amsa.

"Baffa, liman ya ce shi zai iya tsayawa idan babu kowa. Amma dangin mijin za su zo daga Kano, sun riga sun yi booking ɗin jirgi. Za su tambaya. Ni ban san abin da ya faru tsakaninku da Baba ba. Ba a taɓa gaya mini ba. An dai ce kada mu je gidanku."

Na ce mata ta tashi, zan yi shawara. Tana fita mahaifiyarku ta ajiye ludayi.

"Malam, ka ji ikon Allah? Ƙafarka ba ta ciwo?"

"Saude," na ce mata.

"A'a, tambaya na yi. Ni aka kalla ranar nan aka ce mijina ba shi da kowa. Ni na daka taushe aka dawo mini da shi. In ka manta, ni ban manta ba."

Kafin la'asar labari ya isa gida. Yaya Hanne ta kira, muryarta har rawa take don murna. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita take riƙe da gonar mahaifinmu, kuma tun muna yara ita ce mai ajiye lissafin abin da gidan Baffa suka yi mana.

"Mamuda, Allah ya kawo ranar. Ka ga amfanin haƙuri? Ba zagi, ba faɗa. Ka ce musu kawai ba ka da lafiya. Su ma su ɗanɗana."

"Yaya, yarinyar ba ta san komai ba."

"Kai ka san wani abu ne lokacin da ka durƙusa a zauren kakanta? In ka tsaya musu, ka tsaya a kan kabarin Baba. Na gaya maka."

Na kwana biyu ina juya abin, sai wata dabara ta zo mini, na ji daɗinta ƙwarai. Na ce zan tsaya. Zan sa babbar rigata, in zauna a gaban liman, a kira sunana a matsayin waliyyi, duk Hausawan London su ji cewa Mamuda mai wankin tukwane, wanda aka miƙa wa takarda don a yi masa dariya, shi ne ya rufa wa gidan Sabo asiri. Labari zai je masa har gadon asibiti, ba shi da bakin amsawa. Na ga wannan ya fi ƙin zuwa zafi, ga shi kuma kowa zai yaba mini. Da wannan farin ciki na je aiki ranar Litinin. Lokacin hutun rana muka zauna a bayan kicin a kan akwatunan lemo, na buɗe ƙullin gyaɗar da mahaifiyarku ta soya, na ba Sunil labari duka, ina jiran ya ce na yi kyau.

Bai ce ba. Ya ɗauki gyaɗa ɗaya daga hannuna, ya ɗaga ta.

"In na shuka wannan, za ta fito?"

"Haba Dattijo, wannan ai ta sha wuta. Ko a bakin kogi ka sa ta, sai dai ta ruɓe."

"Ta tulun mahaifinka fa?"

"Wannan ko ta shekara, za ta fito."

"A ido kuwa kusan ɗaya suke," in ji shi. Ya jefa ta a baki. "Kowa a kicin ɗin nan yana cewa kai mai haƙuri ne. Ni ma na ce haka. Amma tun ranar da ka gaya mini yadda ake liƙe tulu nake kallon ka. Haƙurinka na toka da laka ne, Mamuda. Ba abin da ya mutu a ciki. Yanzu ruwa ya sauka, kana tambayata ko ka shuka da hannun hagu ko da na dama."

Raina ya ɓaci. Na ce masa alheri zan yi, yarinya za ta yi aure cikin mutunci, me kuma ake nema?

"Yarinyar za ta amfana, wannan gaskiya ne, kuma ya fi ƙin zuwa nesa ba kusa ba. Amma wa kake kallo in ka rufe ido? Ita, ko mutumin da ke kwance?"

Ya ce shi ba malami ba ne, bai kai ko'ina ba, shi ma tulunsa cike yake, abin da zai kai shi gida ke nan. Ya ce amma abu ɗaya ya sani: gidan Sabo za su ji ƙamshin nufina ko ban furta ba, kuma wata rana wani daga cikinsu zai ajiye shi a nasa tulun, ya liƙe, ya jira 'ya'yana.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kama ni. Ku nake gani. Na tuna Zulai a durƙushe tana cewa ba a taɓa gaya mata ba, an dai ce kada ta je. Na tuna ni ma haka na ce muku, ba tare da dalili ba. Ban yarda da Sunil cewa mutum yana dawowa duniya ba, har gobe ban yarda ba. Amma na ga da idona yadda aiki yake dawowa. Mahaifina ya mutu, Baffa ya mutu, ɗorawar ta zama toka tun kafin a haife ku, ga shi abin ya hau jirgi ya sauka a Plumstead yana neman sabbin jikuna. Maganar niyya kuwa ba baƙuwa ba ce a addininmu, tun ina yaro nake jin ta. Sai dai ban taɓa juya ta na haska cikin nawa tulun ba, sai da wani mai ɗingishi daga wata ƙasa ya ci mini gyaɗa.

A makon ne kuma abin da ya jawo mini surutu ya faru. Sunil zai kai abinci gidan ibadarsu, wani gida ne kamar kowane gida a kan layi, inda masu jan mayafin suke zaune. Dole abincin ya isa kafin rana ta take, domin ba sa ci bayan haka. Ƙafarsa ta kumbura, tukunyar tana da nauyi, na ɗaukar masa har bakin ƙofa. Ban shiga ba. Ina juyowa sai ga Baba Isaka, mutumin Kumasi da ke sayar da nama a unguwarmu, ya tsaya da kekensa yana kallona.

"Mamuda! Kai ne na gani? Matanka ya sani kana kawo abinci gidan gunki?"

Na ce masa tukunya na ɗauka wa abokin aiki. Ya ce to, to, to. Kafin Juma'a, labarin ya yi 'ya'ya. Har aka ce an ga na aske kai, alhali sanƙona ya girmi zuwana ƙasar nan.

Abin da na yanke shi ne wannan. Ba zan tsaya da sunana ba. Zan je in roƙi Sabo ya wakilta ni, in tsaya a madadinsa, sunansa a kira. Na gaya wa mahaifiyarku, ta dube ni kamar na zauce.

"Wato ka sake durƙusa musu ke nan. Karo na biyu."

"Karo na ƙarshe," na ce.

Na je asibitin da rana, tare da liman. Hajiya Kulu matar Sabo tana zaune a gefe, Zulai tana tsaye. Sabo ya rame, bakinsa ya karkace, amma idanun nan nasa suna nan yadda na san su. A saman gadon an rubuta sunansa a allo, na karanta shi a zuci, harafi bayan harafi, ban yi tuntuɓe ba. Muna cikin gaisawa sai ma'aikaciyar jinya ta shigo da takardar zaɓen abincin dare. Ni ne mafi kusa da ita, sai ta miƙo mini, ta ce in karanta masa ya zaɓa. Ga takarda a hannuna, ga Sabo yana kallona. Na duba, na ga zan iya. Miya, kifi, dankali, duk na gane su. Abin da na yi shekara ina hawa bus dominsa bayan na gama wankin tukwane, ga shi an kawo mini har hannu, ba tare da na nema ba. Na miƙa wa Zulai.

"Karanta wa babanki," na ce.

Sannan na tsuguna a gefen gadon yadda zai gan ni ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Yaya Sabo, Zulai 'yarka ce, kai ne waliyyinta. Na zo ka ba ni wakilci in zauna a madadinka. In ka yarda, ka ɗaga hannu liman ya gani. In ba ka yarda ba, in tafi, ba komai."

Ya daɗe yana kallona. Ban san abin da yake nema a fuskata ba, na dai yi ƙoƙari kada ya samu komai. Can sai ya juya fuskarsa bango. Hajiya Kulu ta fara kuka. Na yunƙura zan tashi, sai liman ya taɓa kafaɗata. Hannun hagun Sabo ya ɗaga daga kan bargo, kaɗan, fuskarsa tana bango, ya sake sauka.

Ranar ɗaurin aure na sa farar riga mara aiki. Da liman ya tambayi waliyyin amarya, na ce Alhaji Sabo ne, ni wakilinsa ne, ya aiko ni. Na ba da auren da sunansa, aka shafa fatiha, aka raba goro da alawa. Baƙin Kano suka yi ta addu'ar Allah ya ba Alhaji lafiya, wani ma ya tambaye ni ko ni direbansa ne. Na ce ɗan'uwansa ne. Ba wanda ya tambaya ko yarinyar ba ta da kowa. Kada ku ɗauka zuciyata ta yi fari tas a ranar. Ina zaune ina jin tsohon abin yana motsi, yana so a kalle ni. Na bar shi ya motsa, ban ba shi ruwa ba. Da na gaya wa Sunil haka, ya ce shi ke nan aikin, kuma gobe ma sai an sake.

Tsohuwar shuka kuwa ta fito, kamar yadda ya faɗa. Yaya Hanne ta kira sau ɗaya, ta ce tunda na zaɓi gidan Baffa, in je su ba ni gona. Mahaifiyarku ta yi wata guda tana ajiye mini abinci ba magana. Ita ta sauko da kanta, ranar Sallar da ta biyo baya, da Zulai ta aiko da kula cike da dambun nama. Na ga ta tsaya a kanta, hannunta a kan murfin. Ta daɗe. Sannan ta buɗe, ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi yawa, ta kira ku ku zo ku ci. Sunil ya koma ƙasarsu a lokacin kaka. Ya raba kayansa a kicin, ni ya ba ni tsohuwar rigar ruwansa. A filin jirgi na tambaye shi ko yana ganin zai kai inda yake nema. Ya ce in ya damu da kaiwa, ai ya sake shuka ke nan. Ya yi dariya, ya ɗingisa ya shige.

Ga abin da shekarar ta ci mini, ku riƙe shi yadda yake. Na rasa muryar yayata, wadda ta goye ni, har yau ina kira ba ta ɗagawa. Na rasa rabona a gonar mahaifina. Na rasa sahun gaba a masallacinmu, domin har yanzu akwai masu matsawa idan na tsaya kusa da su. Na rasa abokin da ya fi kowa sanina a garin nan, ban kuma san ko yana raye ba. Sabo ya rasu bai taɓa juyo da fuskarsa daga bangon nan ya dube ni ba, kuma ya rasu bai san na iya karatu ba. Na ƙarshe ku ne kuka rasa shi, ba ni ba. Akwai tulun da mahaifina ya gada, ya bar mini, aka sa ran zan bar muku. Idan na mutu kuka duba kayana, ba za ku same shi ba.